Malamina ya ce kalmomi sun yi yawa, magana ta yi kaɗan: in haƙura da rubutu?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji biyu. Tun ina sakandare aka san ni da rubutu, har malaminmu kan ɗauki insha'ina ya karanta wa 'yan aji. Ina da littattafai cike da gajerun labaran da na rubuta, kuma ba ni da burin da ya wuce in zama marubuciya.

A zangon da ya wuce wani malami ya ba mu jinga, makala a kan dalilan da ke sa yara barin makaranta. Na ba ta lokacina, na zuba duk kalmomin da na sani. Da ya dawo mini da ita, jajir take da biro, maki 8 cikin 20. A ƙarshe ya rubuta: "Kalmomi sun yi yawa, magana ta yi kaɗan. Me kike son faɗa?" Jimlar da na fi alfahari da ita, ita ya fara ja wa layi. Ga ta: "Babu ko shakka, kuma sanin kowa ne, cewa tun fil'azal ilimi ya kasance wani gagarumin ginshiƙi mai matuƙar muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam a kowane lungu da saƙo na faɗin duniya."

Ƙawata ta ci 16, kuma da bakinta ta gaya mini manhajar ChatGPT ce ta rubuta mata. Ta ce ni ce ke wahalar da kaina. Yayana da ke ɗauke da nauyin karatuna ya ga sakamakon, ya ce labaran nan ne suka ɗauke mini hankali, in ajiye su sai na gama.

Tun daga lokacin ban sake rubuta abin kirki ba. In na zauna sai in rubuta layi ɗaya in goge, in sake in goge, har in tashi. Anti, ashe dama ba ni da baiwar, yabon banza aka yi ta yi mini? In bi hanyar ƙawata ne, ko in haƙura da rubutun gaba ɗaya?

Wata ɗaliba

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu, na ji zafin da ke cikin wasiƙarki. Mutum in ya taso ana kiransa da abu ɗaya, ranar da aka taɓa abin nan sai ya ji kamar shi kansa aka rushe, don haka ban ga laifinki ba da gwiwarki ta yi sanyi. Amma kafin komai, dubi takardar da kika aiko mini. Karatu ɗaya na yi mata na san halin da kike ciki, na san mutum uku da ke cikin maganar, na san tambayar da kike son in amsa. Babu kalma guda da na tsaya ina tambayar me ta zo yi. Wannan ai rubutu ne, kuma mai kyau, kuma hannun da ya rubuta makalar shi ya rubuta shi. Abin da ya raba su shi ne, lokacin da kika zauna rubuto mini kin san abin da ke cin ranki, kin kuma san wadda kike gaya wa. A makalar kuwa hankalinki ya tafi wajen burge malam, sai maganar ta sulale. A kan wannan nake so mu tsaya, domin abu ne da ake koyo, ba haihuwar mutum ake yi da shi ba.

Zo mu duba jimlar nan tare. Kalma 31 ce. In muka zare "babu ko shakka" da "sanin kowa ne", waɗanda aikinsu ɗaya, muka zare "gagarumin" da "matuƙar" da ke ƙara wa juna nauyi, muka zare "lungu da saƙo" tunda ga "faɗin duniya" a gabansu, abin da zai rage kalma huɗu ne: ilimi yana da muhimmanci. To wa ya yi musu? Ke da kanki kin ce sanin kowa ne, kuma abin da kowa ya sani ba ya sa mai karatu ya gyara zama. Ga shi kuma ba wannan aka tambaye ki ba. Tambayar ita ce, me ke fitar da yara daga aji? A ce kin buɗe da cewa, "Yawancin yaran da ke barin makaranta ba karatun suka ƙi ba, gida ne ke buƙatar hannunsu," da malam ya ɗaga kai. Zai iya yarda, zai iya ƙi, amma dole ya ci gaba da karantawa don ya ga hujjarki. Ke ma jimlar ta ɗaure ki: sai kin kawo alƙaluma, sai kin faɗi inda kika samo su, sai kin amsa wa mai cewa a'a, nisan makaranta ne ko ƙarancin malamai. Daga jimla guda sauran makalar ta samu aikin yi.

Malamanki na sakandare ba ƙarya suka yi miki ba. A wancan matakin ana duba ko yaro ya tara kalmomi, ko jimlarsa ta miƙe, ko yana da kunnen jin daɗin magana, kuma kina da duka. Jami'a wani abu take nema a kan wannan: matsayi da hujja. Ɗaliban da suka fi shan yabo a baya su ne sau da yawa wannan sauyi ya fi girgizawa, saboda abin da aka saba tafa musu a kai shi ne yanzu ake ja wa layi. Shi kuma malamin, da ya ƙara layi biyu ya nuna miki inda za ki fara da ya fi kyautatawa, wannan gaskiya ne. Sai dai ki tuna mai yiwuwa takardu ne tuli a gabansa, kuma ya tsaya ya bi taki layi-layi. Wanda bai damu ba maki kawai zai dangwala ya wuce.

Rubutu kamar kwatancen gida ne. Ke da kika san hanya, in kin ce "sai ka juya inda aka saba" a wajenki magana ta cika, domin kina ganin kwanar a zuciyarki. Baƙo kuwa yana tsaye a mararraba, ba shi da komai sai abin da kika faɗa. Mai karatu baƙon nan ne. Ba ya cikin kanki, ba zai iya tsayar da ke ya ce "me kike nufi?" ba. Malaminki ya yi miki abin da sauran masu karatu ba za su iya ba, ya rubuta tambayar a takarda ya miƙo miki.

Ga abin da nake so ki riƙa yi kafin ki taɓa biro. Ki sami wani wanda bai san darasin ba, ƙanenki ko abokiyar zamanki, ki gaya masa da baki abin da makalarki za ta ce, a numfashi ɗaya ko biyu. In kin ji kina kame-kame, "wato dai a kan ilimi ne, da yadda abubuwa suke", to ba ki kai ga rubutu ba tukuna, koma wa karatu da tunani. In maganar ta fito sarai, rubuta ta a saman takarda yadda ta fito daga bakinki. In babu kowa kusa, ɗauki muryarki a waya ki saurara. Kuma in da wani harshe kike tunani, da wani kike rubuta jinga, fara warware maganar a harshen da kike tunani da shi. Tunanin da bai nuna ba, sauya masa harshe ba ya gyara shi.

Bayan kin gama daftarin farko, akwai gwaji mai sauƙi da nake ganin ya fi kowane amfani ga mai matsala irin taki. Ki bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, a gefen kowanne ki rubuta abin da ya ce cikin kalmomin da ba su wuce shida ko bakwai ba. Wanda kika kasa taƙaitawa, ko dai bai ce komai ba, ko ya ɗauko magana biyu ya kamata a raba shi. Sannan ki karanta 'yan rubuce-rubucen gefen nan su kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Nan take za ki ga inda kika maimaita, inda kika tsallake mataki, da inda hujjar da ta fi ƙarfi ta maƙale a shafi na uku alhali a gaba ya kamata ta zo. Sau da yawa ma za ki tarar ainihin abin da kike son faɗa yana cikin sakin layin ƙarshe, domin sai da kika yi ta rubutu kafin kika gano shi. Ɗauko shi ki kai farko, ki sake gina sauran a kansa.

Wannan shi ne gyara, kuma a nan ɗalibai da ƙwararru suka rabu. A 1980 wata malamar rubutu a Amurka, Nancy Sommers, ta wallafa nazarin da ta yi a kan ɗalibai 20 'yan ajin farko na jami'a da ƙwararrun marubuta 20, cikinsu da 'yan jarida da editoci da malaman jami'a. Ta gano cewa in an ce ɗalibai su gyara rubutu, kalmomi suke sauyawa: a cire wannan a sa waccan, a guje wa maimaita kalma ɗaya. Ƙwararrun kuwa siffar maganar gaba ɗaya suke sake dubawa, su ƙara, su zubar, su juya tsari, suna tunanin wanda zai karanta. Don haka ki bi gyara daga babba zuwa ƙarami. Fara da matsayi da tsari, sai jimloli, sai a ƙarshe ƙa'idojin rubutu, aya da waƙafi da rabon kalmomi. Asara ce ki ɓata awa kina gyara jimlar da za ki zubar da sakin layinta. Ki kuma bar rubutun ya kwana kafin ki gyara, ko da dare ɗaya ne, sannan ki karanta shi da ƙarfi, da murya. Inda numfashinki ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, ta yi tsawo. Inda harshenki ya sarƙe, idon mai karatu ma zai sarƙe a nan. Wannan yana nufin daren da za a karɓi jinga ba daren fara ta ba ne.

Yanzu maganar rubuta layi ki goge. Abin da ke faruwa shi ne kina yin aiki biyu a lokaci ɗaya, kina samar da magana kina kuma yanke mata hukunci, kuma tun ranar jan biron nan alƙalin da ke cikinki ya fi mai rubutun ƙarfi. Sai an raba su. Wani malamin rubutu, Peter Elbow, ya yaɗa wata dabara tun 1973: ki sa agogo minti goma, ki yi ta rubutu ba tsayawa, ba komawa baya, ba gogewa. In kanki ya kulle, rubuta "ban san abin da zan ce ba" har wani abu ya zo. Ba wanda zai gani, ba maki a kai. Ina ba ki shawara ki yi shi da biro a takarda, domin a waya da kwamfuta gogewa ta yi sauƙi da yawa. Yawancin abin da zai fito tarkace ne, haka ake so, amma a tsakiyarsa za ki riƙa tsintar jimla ɗaya mai rai, ki ja mata layi. Minti goma kullum ya fi awa biyar ranar da kika ji shauƙi, domin hannu da sabo yake sakewa.

Sai karatu. Na san kina karatu, ba a cika littattafai da labarai ba tare da shi ba. Amma akwai karatun jin daɗi, akwai karatun mai son gano yadda aka ƙera abu. Bari in ba ki labarin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka. An haife shi a 1706, aka cire shi daga makaranta yana ɗan shekara 10, yana 12 ya shiga koyon aikin ɗab'i a wajen yayansa. Yana muhawara a rubuce da wani abokinsa, sai mahaifinsa ya ga takardun, ya nuna masa cewa ya fi abokin iya rubuta kalma daidai da sa aya, amma abokin ya fi shi tsari da fayyace magana. Ga yadda ya yi. Ya sami wasu makaloli na mujallar Spectator ta Landan da suka burge shi, sai ya riƙa rubuta ɗan taƙaitaccen abin da kowace jimla ta ƙunsa, ya ajiye na 'yan kwanaki har ya manta ainihin kalmomin, sannan ya sake gina makalar da nasa kalmomin, ya ɗauko ta asali ya gwada ya ga inda ya gaza. Wani lokaci yakan hargitsa 'yan bayanan nasa, bayan makonni ya yi ƙoƙarin mayar da su bisa tsari, don ya koyi yadda ake jera tunani.

Kina iya yin haka da shafi guda a mako. Zaɓi makalar da ta gamsar da ke a fannin da kike karanta, ko sharhin jarida da kika ji ya shige ki. In kin zo gwadawa, kar ki tsaya a kan kalmomi kawai. Duba inda marubucin ya ajiye matsayinsa, jimla nawa ya kashe kafin ya kawo misali na farko, yadda ya tsallaka daga wannan sakin layi zuwa wancan, da abin da ya bari bai faɗa ba. Ga labari ma haka: me ya fara nuna miki, yaushe ya bar mutanen suka yi magana da kansu. Wannan atisaye ne na cikin littafinki, ba abin miƙa wa malam ba. Duk abin da kika ɗauko na wani kika sa a jinga, ko da kin juya kalmomin, sai kin faɗi mai shi, in ba haka ba ya zama satar fasaha.

Game da malamin, shawarata ki je ki same shi. Na san ƙafarki za ta yi nauyi. Amma kar ki je da ƙorafin maki, wannan ƙofar takan rufe da wuri. Sake rubuta shafin farko na makalar bisa abin da muka tattauna, ki riƙe tsohon da sabon, ki nemi lokacin da yake ganin ɗalibai, ki ce, "Malam, na yi tunani a kan tambayar da ka yi mini, ga abin da nake son faɗa. Ko za ka duba mini in na kama hanya?" Shafi ɗaya ba ya cin lokaci, kuma malamai da yawa ba abin da ke faranta musu rai kamar ɗalibin da ya ɗauki gyara ya dawo da aiki. Ki tafi da ƙawa in hakan ya fi miki natsuwa. In kuma kika tarar ba mai sakin fuska ba ne, ko ba shi da lokaci, kar ki mayar da shi hukunci a kanki. Nemi wani malamin a sashenku, ko ɗalibar da ke gaba da ke wadda kika san tana da kan gado.

Ko malam ya karɓe ki ko bai karɓa ba, kina buƙatar masu karatu na kusa. Mutum biyu ko uku sun isa, ku riƙa musayar shafi biyu-biyu duk mako. Sai dai ki kula da irin tambayar da za ki yi musu. In kin ce "ya yi kyau?" za su ce ya yi, don suna son ki. Ki ce, "Gaya mini da bakinki abin da na ce." In abin da ta maimaita ya saɓa da nufinki, kin ga inda aikin yake. Ki ce, "A wane layi hankalinki ya fara tafiya wani wuri?" Kuma yayin da take magana ki danne zuciyarki, kar ki kare kanki, rubuta kawai. Ba duk gyara za ki ɗauka ba. Amma in mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai abin dubawa a wurin, ko da maganin da suka kawo bai yi miki ba.

Sai ƙawarki. Ba zan ɓoye miki ba, akwai ciwo mutum ya yi gumi ya ci 8, wani ya latsa waya ya ci 16. Amma ki san abin da manhajar nan take yi. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kuma shi da ire-irensa an horar da su ne a kan tarin rubuce-rubuce, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa maganarsu take fita sumul, shi ya sa kuma sukan ƙirƙiro sunan littafi ko bincike da babu shi, su faɗe shi ba tare da wata alamar shakka ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu, ba su bincika ba. Ɗalibin da ya miƙa irin wannan da sunansa, shi zai amsa tambaya, kuma jami'o'i da yawa suna ɗaukar miƙa aikin da ba kai ka yi ba a matsayin maguɗi. Ko ba a kama mutum ba, akwai zauren jarrabawa, akwai ranar kare kundin kammala karatu a gaban malamai, inda babu waya. Ke kuma naki ya fi haka, domin marubuciya kike son zama. Wahalar da take cewa kina ɗora wa kanki, wato zaman nan na neman abin da kike son faɗa, ita ce ainihin sana'ar. In kin ba na'ura wannan, babu abin da ya rage miki ki koya.

Ban ce ki ƙaurace wa manhajar kwata-kwata ba. Fara tambayar abin da dokar makarantarku da malamin darasin suka yarda da shi. In an yarda, yi amfani da ita bayan kin gama naki daftarin, kuma a matsayin mai tambaya: ta nuna miki inda hujjarki ta yi rauni, ko abin da mai adawa da ke zai ce. Gyaran ki yi da hannunki, duk wani bayani da ta ba ki kuma ki tabbatar da shi a wani wuri. Ita ƙawar taki, ba sai kun ɓata ba, ba kuma aikinki ba ne ki kai ƙararta. Mai yiwuwa tsoron faɗuwa ne ya kai ta, irin tsoron da ya hana ki rubutu, kowa da inda ya ɓullo masa. Gaya mata sau ɗaya, tsakaninku, cewa kina jiye mata ranar da abin zai fito, ki gayyace ta cikin masu musayar shafi. In ta ƙi, kin sauke nauyi. Abu ɗaya dai, ki daina auna makinki da nata, domin ba abu ɗaya aka auna ba.

Yayanki kuma, ki yi masa adalci. Mutumin da ke cire kuɗi daga aljihunsa ya ga 8 cikin 20, dole hankalinsa ya tashi, kuma abin da ya gani a hannunki shi zai zarga. Ina ganin ya yi kuskure wajen gano cutar, domin ba labarai suka kayar da makalar ba. Hasali ma abin da mai labari ya iya, wato nuna yaro guda da aka tura aiki ranar da 'yan ajinsu ke jarrabawa maimakon cewa "yara na shan wahala", shi ne abin da makalarki ta rasa. Amma damuwarsa tana da tushe. Rubutu ba ya saurin ciyar da mai shi, marubuta da yawa suna da wani aikin da ke riƙe da su, kuma takardar shaidarki za ta ba ki 'yancin yin rubutu ba tare da yunwa na kallonki ba. Kar ki yi masa gardama, kar kuma ki koma yi a ɓoye. Zauna da shi ki ce, "Yaya, na ji maganarka, kuma na gano abin da ya ja mini wannan maki. Ga abin da nake yi a kai. Ina roƙon ka bar mini rabin awa a rana da wani yanki na ƙarshen mako don labaraina, lokacin jarrabawa in ajiye su gaba ɗaya. In sakamakon zango mai zuwa bai gyaru ba, mu sake zama." Wanda aka zo masa da tsari irin wannan da wuya ya ƙi. In ya dage, ki bi shi na zangon nan, ki riƙe minti gomanki na kullum, ki tara labaran zuwa hutu. Ba za su gudu ba.

Kin tambaye ni ko kina da baiwa. Abin da zan iya shaida a kai shi ne kina da kunne, kina da son abin, kuma kin iya faɗin gaskiyar halinki a fili. Sauran, ba ni ba, ba malaminki ba, babu mai iya faɗa daga makala guda, sai an ga abin da shekaru na aiki suka haifar. Ki lura kuma da wani abu: yanzu da aka nuna miki, in kin koma kan tsofaffin labaranki za ki ga aibun da da ba kya gani, har ki ji kunya. Kar wannan ya karya ki. Idonki ne ya riga hannunki girma, kuma haka abin yake tafiya, ido na gaba hannu na biye. Kar ki yaga su. Zaɓi guda ɗaya da har yanzu kike jin sa a ranki, ki yi masa gwajin gefen shafi, ki karanta shi da murya, ki kai shi ƙarshe. Labari ɗaya da aka gama aka gyara ya fi koyarwa a kan goma da aka fara aka bari. In ya kammala, nemi mujallar ɗalibai ko wata gasar gajerun labarai ki aika, da sanin cewa ana iya dawo miki da shi, kuma in an dawo da shi sai ki gyara ki aika wani wuri.

A wannan makon abu uku kawai nake so daga gare ki: minti goman nan kowace rana, sabon shafin farko na makalar, da zama da yayanki. Zuwa wajen malam ya biyo baya in shafin ya kwana kin sake duba shi. In kin je, rubuto mini abin da ya ce, ki haɗo da sabuwar jimlarki ta farko, ina son in gani. Allah ya buɗa miki, ya sa albarka a karatunki da alƙalaminki.